Harsashi Daga Gwangwanin Baba

A gidanmu ba a tambayar yaro ko zai yi farautar barewa, sai dai a tambayi da wace bindiga zai fara. Shekarar da 'yata Tessa ta cika sha biyu, wannan tambayar ta kusa raba ni da mijina da mahaifina a zama ɗaya, a kan teburin abinci, tun ganyen itatuwa bai fara zuba ba.

Mijina Curtis ya ce a ba ta tasa, mai cin babban harsashin nan mai lamba talatin-sifili-shida. "Da irinta na fara," in ji shi, "ga ni nan kuma ban mutu ba."

Na ce, "Ba ka mutu ba, amma har gobe sai ka runtse ido kake jan kunama. Kowa a dutsen nan ya sani, har barewar."

Bindigar nan shurin jaki gare ta. Tessa kuwa 'yar siririya ce, iska mai ƙarfi ma sai ta yi da gaske. Yaro in bindiga ta doke shi a harbin farko, tsoron ya zauna masa ke nan, kuma mai tsoron bindigarsa ba ya kashe barewa, sai dai ya ji mata ciwo ta je ta mutu a wahale.

Mahaifina Merle, wanda jikoki ke kira Pap, yana gefe yana jinmu. Ya tashi da sandarsa ya shiga ɗaki, ya dawo rungume da tsohuwar bindigarsa naɗe a bargo, ya ajiye ta tsakanin kwanon dankali da na miya. Ya haura tamanin a lokacin, idonsa ya yi hazo, kunnen ma sai an ɗaga murya, amma taurin kai yana nan yadda Allah ya yi shi. Da bindigar nan mai harsashin biyu-hamsin na kashe barewata ta farko, da ita ƙanena Lonnie ya kashe tasa. Al'adar gidan ita ce, sabon maharbi harsashi ɗaya tak ake ba shi ranar farko, don ya san darajar harbi. Harsashin kuma daga wani tsohon gwangwanin kofi yake fitowa, cikin waɗanda Baba ya ɗura wa albarushi da hannunsa tun muna yara.

Na ce, "A'a, Baba."

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai. Ƙotar ta yi mata tsawo, kai kuma ba za ka bari a rage ba. Makullin da ke hana ta tashi ya lashe. Ko ka manta ramin da ke baranda?"

Bai manta ba, babu wanda ya manta. Shekara biyu kafin nan bindigar ta tashi da kanta yana cikin rufe ta a ƙofar bukkar farauta, ta huda katakon baranda dab da takalmin Lonnie. Maza suka yi ta dariya, suka kafa marfin kwalba a kan ramin. Ni ban yi dariya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma 'ya ɗaya gare ni.

Ranar Asabar muka tafi shagon Gus Hostetler da ke bayan gidan mai, ni da Tessa da Baba, wanda ya ce zai zo ya ga irin shirmen da za a saya. Gus ya yi ta ɗauko bindigogi yana sa wa Tessa ƙota a gwiwar hannu, ya ga ko yatsanta zai kai kunama. Wannan ta yi nauyi, waccan ta yi tsawo, wata kuma Tessa ta so ta don kawai launinta ya yi mata. A ƙarshe ya miƙo wata gajeriya mai sakatar tura harsashi, mai madubin hange a sama, mai cin harsashin biyu-arba'in-da-uku. Tana ɗaga ta kumatunta ya zauna daidai, idonta ya faɗa cikin madubin ba tare da ta miƙa wuya ba.

Gus ya ce, "Shurinta kamar a dafa miki kafaɗa ne, amma in kika sa harsashin bayan kafaɗar barewa, ba za ta yi nisa ba."

Baba na zaune a kan kujera ya tale ƙafa. Ya ce, "Ƙotar roba! Yanzu wannan abin wasan yaran ne bindiga? Biyu-arba'in-da-uku, biyu-hamsin, bambancin bakwai ne fa kawai, Darlene. A kan bakwai kike wulaƙanta ubanki a gaban mutane." Ya miƙe da ƙyar. "Tessa, zo ki kai ni mota, warin roba ya ishe ni."

Suna fita Gus ya girgiza kai, ya nuna mini wata bindiga da ke rataye sama da ƙofa. Na sha ganinta ban taɓa kula ba. Bayanta ya tsage ya baje kamar an ɓare ayaba, sakatar babu ita.

"Kama da wane ba wane ba ne," in ji shi. "Irin harsashin tsohon nan zai shige ramin wannan sumul, sakata ta rufe, ka ce an yi su don juna. Amma kansa ya fi bututun kauri. In ya tashi fita ya rasa hanya ta gaba, ta baya zai nema, a bayan nan kuwa fuskar mai harbi take. Mai waccan haka ya yi, ya rayu, sai dai da ido ɗaya, haƙoransa ma a ƙasa aka tsince su."

A mota na ce wa Tessa kada ta kuskura ta sa wa bindigar nan harsashin da ba daga kwalinta ya fito ba. Ta ce to. Baba ya juya yana kallon gonakin masara, bai sake yi mini magana ba sai da dole, har kaka ta wuce.

Duk Lahadi bayan coci muna ramin tsakuwa tana harbin takarda. Hannunta ya faɗa da wuri. Abu ɗaya na yi ta nanata mata har ta fara kwaikwayon muryata. Duk maharbi a dajin nan riga da hula ruwan lemo yake sawa don kada a ɗauke shi dabba. Na ce, "In kika ga ruwan lemo a madubi, ko da barewa ta zo tana lasar bakin bindigarki, ki cire yatsa."

"Na ji, Mama. Na ji jiya, na ji shekaranjiya."

"Gobe ma za ki ji."

Lahadin da ta biyo bayan bikin godiya na ƙarshen Nuwamba muka hau dutse, don washegari ake buɗe farauta, ranar da ko makarantu rufewa suke yi a yankinmu. Bukkarmu ta katako ce, ɗaki biyu da murhun itace. Bangon da ke bayan murhun cike yake da yankakkun bindin riguna, don duk wanda ya harba ya kuskure, ko ya ɓata wa wani harbi, da yamma sai Baba ya zare wuƙa ya yanke masa bindin riga a kafa da ƙusa. Rabin bangon na Lonnie ne.

Kafin gari ya waye maza suka shirya. Tessa ta fito cikin riga ruwan lemo da ta haɗiye ta har gwiwa. Na buɗe sabon kwali, na ɗauki harsashi ɗaya na sa mata a aljihun ƙirji, na ɓalla maɓallin da hannuna. Curtis ne zai zauna da ita a Kwarin Tuffa, wani tsohon lambu da aka watsar a hayin rafi, inda barewa ke zuwa tonon 'ya'yan da suka zuba. Ni na ce ba zan iya ba, bugun zuciyata kaɗai ya isa ya kori dabba. Na tsaya da Baba, wanda gwiwa ta hana shi hawa. Na bi fitilunsu da kallo har suka ɓace cikin itatuwa.

Ina suyar dankali, tawul fari soke a bayan wandona, sai na ji Baba yana 'yar waƙa a hanci. Mutumin da ya yi wata biyu yana ɗaure mini fuska! Na waiwayo, yana zaune bakin murhu da kofinsa yana murmushi shi kaɗai. Taga ta fara yin toka-toka.

Na ce, "Baba, wannan fara'ar fa? An yi maka albishir ne?"

"Yau jikata za ta kashe barewarta da harsashin gidanmu."

"Da na kwalinta dai."

"Na kwalin banza." Ya kurɓi kofi. "Jiya kuna wanke-wanke na gwada nawa a 'yar robar nan taku. Ya shige sumul, sakata ta rufe, a gaban idonta. Na ba ta shi, na ce ta bar naki a aljihu, kuma kada ta gaya miki, tunda ke ba a iya miki. Ba na ce miki bakwai ne kawai ba?"

Ban san lokacin da cokalin ya faɗi ba. Na fizgi rediyon oba-oba daga ƙusa na yi ta kiran Curtis, ba na jin komai sai shuuu. Ai na sani, da ya zauna yake kashe nasa don kada ya yi ƙara. Waya kuwa a dutsen nan ado ce. Na dubi taga. Da zarar mutum ya iya bambance barewa da kututture an halatta harbi, kuma saura ƙiris.

"Ina za ki? Dankalin zai ƙone!"

Na suri rigar da hannuna ya fara taɓawa a bayan ƙofa, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Hanyar masu katako da su Curtis suka bi zagaye take yi. Na bar ta na yanke kai tsaye ta cikin sarƙaƙiya, inda zan sauka rafi in haura kwarin ta ƙasa. Dusar ƙanƙara ta kwana ta daskare, duk taku sai ta fashe, ƙafa ta nutse. Rassa suna marin fuskata. Ba abin da nake gani sai bindigar nan ta saman ƙofar Gus, da kumatun Tessa kwance a kan ƙota yadda na koya mata, idonta na dama a buɗe dab da sakata.

Sai harbin farko ya tashi daga can hayin dutse. Na tsaya cak. Ba daga kwarin ba ne. Wani ya amsa, wani ya ƙara, nan da nan dutsen ya ɗauka kamar ana gugguru. Kowace ƙara sai na karkata kunne, numfashina ya tsaya, sai na tabbata ba ta wajen Tessa ba ce sannan in ci gaba.

A nan ne na dubi hannun rigar da ke jikina. Ta Baba ce, ta aikin gona, ruwan ƙasa, launin bayan barewa sak. Na shafa bayana na ji tawul ɗin nan fari yana reto, daidai inda farin bindin barewa yake in tana gudu. Ni da aka haifa a dajin nan! Ko hankici fari ba ma shiga da shi, yaro ɗan shekara biyar ya san wannan. Ga ni ina fasa sarƙaƙiya a guje, ranar buɗe farauta, cikin hasken da bai gama wayewa ba, a dajin gwamnati da kowane gindin itace akwai baƙo daga birni da yatsansa ke ƙaiƙayi. Na fizge tawul ɗin na tura shi cikin riga. Tsoro ya kama ni, amma komawa ba ta taso ba.

Na ce bari in yi waƙa don a san mutum ce. Na ɗauko wata ta coci, baiti ɗaya ban kai ba numfashi ya ƙare. Sai na koma ihu, "Mutum ce! Mutum ce!" ina yi ina tuntuɓe.

Ina fitowa wani ɗan fili na ji ƙarar ƙarfe, ƙas, a sama da ni. Na ɗaga kai. Wani ƙato ne a kan dandamalin da ya ɗaura a bishiya, bakin bindigarsa yana kallon ƙirjina. Na ga baƙin ramin nan sosai. Ya sauke ta a hankali, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ke! Mahaukaciya ce ke? Wallahi saura kaɗan! Kin san tun daga ina nake bin ki a madubi? Ina rigarki?"

"'Yata," na ce, ina nuna ƙasa. "Kwarin Tuffa. Harsashin da ke bindigarta ba nata ba ne."

Bai sake tambaya ba. Ya cire hularsa ruwan lemo ya jefo mini. "Sa wannan! Bi ta hagu, ta dama akwai yayana, shi kuwa ba ya jira. Yi gudu, baiwar Allah!"

Har yau ban san sunansa ba. Na kifa hular na gangara, rabi da ƙafa rabi da mazaunai. Rafin bai daskare ba, na faɗa ciki har cinya, sanyin ya soke ni har ƙwaƙwalwa. Na haura da rarrafe ina kama saiwoyi. Ƙirjina kamar an zuba barkono, bakina ɗanɗanon jini.

Da na ɗago kai a gefen kwarin, sai na ga kuskuren yanke hanyar. Ta ƙasan lambun na ɓullo, su kuwa suna can sama a ɗaya gefen, gindin wani babban itace, ɗigo biyu ruwan lemo. Tsakanina da su kuma, ƙarƙashin bishiyar tuffa, namijin barewa ne tsaye yana tonon ƙanƙara da ƙafa. Ƙahonsa ya yi rassa kamar an kifa masa kujera. Irin wanda mutum ke shekara ashirin yana jira.

Na hango Tessa ta ɗora bindiga a kan sandunan dogarawa. Kanta ya sunkuya kan ƙota. Curtis ya matso da bakinsa kusa da kunnenta. Reshe ne ya tare kafaɗar dabbar, taku ɗaya suke jira ta ƙara.

Na buɗe baki in yi ihu, abin da ya fito ko kaza ba zai firgita ba. Ga rafi na ruri a bayana, ga iska daga wajensu take busowa. Na yi tunanin in jefa dutse in kori dabbar, sai na tuna yaro in ya ga barewarsa za ta tsere, jan kunama yake yi ba shiri. Abu ɗaya ne na san zai cire yatsan yarinyar nan, don ni na dasa mata shi.

Na cire hular na ɗaga ta sama da hannu biyu, na fito fili, na taka zuwa bayan barewar, daidai saitin bakin bindigar 'yata.

Ba zan yi ƙarya in ce jarumtaka na ji ba. Fitsari ne ya kusa kufce mini. Na san in ta ja, ko dai abin ya fashe a fuskarta, ko ya fito ya same ni, ko duka biyun, kuma ina tafe ina roƙon Allah in dai ɗaya ne to ya zama ni. Barewar ta ɗago kai, ta dube ni, ta yi wani huci, ta buga tsalle. Farin bindinta ya yi sama, ya yi ƙasa, ya shige itatuwa. Na tsaya riƙe da hula, idona a rufe, ina jiran ƙarar.

Ba ta zo ba. Abin da ya zo muryar Curtis ce, tana tsaga kwarin.

"Darlene! Kin haukace ne? Uban me kike yi a nan?"

Na haura wajensu ina jan ƙafa. Tessa ta miƙe, bakin bindiga a ƙasa, yatsanta a miƙe a gefe yadda aka koya mata, hawaye na zuba.

"Mama, na gan ki a madubi! Na cire makulli, na fara ja, sai ga ruwan lemo. Mama, na fara ja fa!"

Na karɓi bindigar, na mayar da makulli, na ja sakata. Harsashin ya yi tsalle ya faɗa kan ƙanƙara, tsoho, ya yi baƙi-baƙi don daɗewa. Curtis ya ɗauka, ya goge gindinsa da babban yatsa, ya karanta lambar. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya dubi Tessa, ya dubi harsashin, sai ya juya gefe ya yi amai.

Da na yi mata bayani, ba kanta ta fara tunawa ba. Ta riƙe mini riga. "Kada ki gaya wa Pap. Don Allah, Mama. Ya ce tun bara ya ware mini shi. Ya ce Mama da Kawu Lonnie duk da irinsa suka fara. In ya sani zai mutu."

Curtis ya ce, "Gara shi da ke."

Na ce ya rufe mini baki, ubana ne. Amma a raina ban san abin da zan yi ba. Na sauko dutsen nan da niyyar in ɗaga bukkar da masifa, ina isa na tarar Baba ya kankare dankalin da ya ƙone ya ajiye mini nawa a rufe kusa da murhu. Na haɗiye maganar har yamma.

Da yamma labari ya riga ya zaga cewa Darlene ta kori barewar 'yarta. Lonnie har da buga tebur. "Yaya, kishi ne! Wallahi kishi ne, don taki ta farko ƙahonta bai kai yatsana ba!" Ya kamo ni ya juya ni, Baba ya taso da wuƙarsa yana dariya har da tari, ya lalubo bindin rigata ya yanke, aka kafa a bango ana tafi. Na ƙyale su. Tessa ta sunkuyar da kai a kan kwanonta, Curtis ya fita waje.

Sai Baba ya koma kujerarsa, ya jawo gwangwanin kofi daga ƙarƙashi, ya girgiza shi ya yi ƙara. Ya laluba ya zaro wani.

"Zo nan, 'yar gidan Pap. Uwarki ta ɓata mana wancan da baƙin cikinta. Ga sabo. Gobe ma rana ce."

Tessa ta dube ni. Hannunta ya fara miƙewa, don ba ta taɓa ce masa a'a ba. Nan na san shiru ba zai yi ba.

Ban yi ihu ba, abin da ya ba ni mamaki ni kaina. Na ɗauko bindigar Tessa daga rataya, na zare sakatar gaba ɗaya na ajiye a tebur, na durƙusa a gabansa na ɗora masa bakin bututun a gwiwa. Na san ba zai ga lamba ba, amma yatsunsa ba su tsufa ba. Na sa masa harsashin kwalin a hannu.

"Baba, sa kansa a bakin nan."

Ya yi tsaki, amma ya sa. Kan harsashin ya nutse har kusan wuyansa.

"Yanzu sa naka."

Ya sa. Tsinin kaɗai ya shiga, ya cije. Ya juya shi, ya danna, ya sake dannawa da ƙarfi. Ya zare, ya mayar da na farko, ya sake gwada nasa. Mutum ne da ya yi shekara sittin yana ɗura albarushi, ba ya buƙatar a ƙarasa masa.

"Ta sa shi?" Muryarsa ta dishe.

"Ta sa. Ta cire makulli. Ta fara ja."

"Ke kuma kina ina?"

"A gabanta."

Harsashin ya suɓuce daga hannunsa ya gangara ƙarƙashin murhu, Lonnie ya yi wuf ya cafko shi. Baba ya miƙa hannu cikin iska, Tessa ta matso. Ya shafa kumatunta na dama, ya hau da yatsa ya taɓa fatar idonta, ya sauko ya taɓa leɓenta, yana lalube kamar mai ƙirga ko wani abu ya ɓace. Ita tana ta cewa, "Ba abin da ya same ni, Pap, ka gani, ba komai," shi kuwa bai daina lalube ba. Tunda nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarmu.

Ya ɗauki gwangwanin ya ɗora mini a cinya. Ya dafa sanda ya miƙe, ya zaro wuƙar ya miƙo mini ta ƙota. Sannan ya juya mini baya, ya zaro bindin rigarsa daga cikin wando, ya riƙe shi da hannu ɗaya. A duk bangon nan babu ƙyallensa ko ɗaya.

Lonnie ya ce, "Haba, Baba, bar shi mana."

"Ba da kai nake ba. Yanka, Darlene."

Ƙyallen ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai da Tessa ta zo ta ja mini shi ya miƙe sannan wuƙar ta ci. Shi ya karɓa, ya lalubi ƙusar da aka kafa nawa, ya rataya nasa a kai. Babu wanda ya tafa.

Ranar Laraba Tessa ta kashe 'yar barewarta da harsashin kwalinta, harbi ɗaya. Da muka jawo ta bukka, Baba yana zaune a baranda cikin sanyi tun fitarmu, ko kofi bai sha ba. Bai dubi barewar ba. Ya ce Tessa ta zo kusa, ya kama fuskarta da hannu biyu ya shafa, sannan ya tashi ya shiga ciki.